Riƙon tsohuwar mota: daga ranar ciniki zuwa ranar rabuwa

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Haka wanda ya sayi motar da ta haura shekara goma sha biyar a duniya, ya san dole ya san hanyar gareji. Abin da ya rage shi ne sau nawa zai je a shekara, shi zai tuƙa ta zuwa can ko janyo ta za a yi da igiya, kuma nawa zai baro a can.

Ni Toyota Camry nake hawa, ƙirar 2004 mai silinda huɗu, wadda 'yan kasuwa ke kira Big Daddy. A hannu na saye ta a Kano, bayan wani ya more ta a Amurka, wani kuma ya more ta a nan. Da ita zan riƙa misali, amma kusan duk abin da zan faɗa ya hau kan Corolla da Honda Accord da Peugeot 406 na wannan zamanin. Abin da shekarun da na yi da ita suka koya mini shi ne, ba tsufa ke kashe irin waɗannan motoci ba. Abu uku ne: zafi, baƙin mai marar kyau, da gyaran canki-canka. Duk ukun kuwa a hannun mai mota suke.

Lissafin da ake yi kafin a je wurin dillali

Kada ka zuba duk abin da ka tara a kuɗin mota. Ka ware kashi ɗaya cikin biyar ka ɓoye, kada ma dillali ya ji ƙamshinsa. Wannan shi ne kuɗin makon farko: tayoyi, batir, juyen mai, sauya takardu, da abin da tsohon mai ita ya yi shiru a kansa. In kuɗinka ya kai na ƙirar 2008 cif-cif ba canji, to na 2004 ne kuɗinka.

Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, lissafin mota ya canza gaba ɗaya. Kayan gyara da dala ake shigo da su, farashin da aka gaya maka wancan watan ba shi za ka tarar yau ba. Saboda haka ka bar batun V6, wato mai silinda shida, sai in kana da dalili. Tawa mai inji 2.4 tana ba ni kamar kilomita 8 zuwa 9 a lita ɗaya cikin gari, a kan babbar hanya kuma 11 zuwa 12. Daga Kano zuwa Kaduna, tafiyar kilomita 230 ko kusa da haka, lita 20 ta ishe ni. Ka ɗauki tafiyarka ta mako, ka raba da waɗannan, ka buga da kuɗin lita na yau. In abin da ya fito ya sa ka yi shiru, ka koma kan Corolla mai inji 1.8.

Sannan ka sayi motar da kayanta ke garinku. Motar da sai an aika Ladipo a Legas kafin a samo mata ƙaramin abu, kwana uku za ta yi a gindin bishiya duk lokacin da ta yi tari. Camry da Corolla da Accord kuwa, a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Apo ta Abuja, kafin ka gama faɗin sunan abin an ɗauko maka kala uku.

Kowace da inda take ciwo

Camry ta 2002 zuwa 2006 mai silinda huɗu injinta 2AZ-FE ne. Sarƙa ce ke juya shi ba bel ba, don haka babu zancen canjin bel ɗin tayimin. Rauninsa yana wurin notikan da suka ɗaure kan inji da gangar jikinsa. Gangar ta alminiyam ce, in injin ya sha zafi sosai haƙoran ramukan notikan kan sule, musamman na baya, sai ruwa ya fara tsatsafowa. Camry ta 2007 zuwa 2009, wadda ake kira Muscle, da yawansu suna shan baƙin mai saboda ringin fistin. Mai V6 ta 2002 zuwa 2006 kuma bel ne da ita, ana canza shi a mil dubu 90, wato kusan kilomita dubu 145.

Honda Accord ta 2003 zuwa 2005, wadda ake ce wa End of Discussion, injinta mai silinda huɗu jarumi ne. Ciwonta biyu: giyar atomatik ta masu V6 na shekarun farko, da bol-joyin na ƙafar gaba. Duk Hondar da ka gani ta durƙusa a tsakiyar titi taya ɗaya ta karkace waje, to shi ne. Peugeot 406, wadda kamfanin PAN ya haɗa a Kaduna, ta san hanyoyinmu, ƙafarta kamar katifa, amma bel ɗin tayimin ɗinta ba a wasa da shi. In ya tsinke ana cikin tafiya, bawul-bawul ɗin inji sun lanƙwashe ke nan.

Ranar dubawa

Ba a cinikin biri a sama. Hoton WhatsApp da rantsuwar dillali ba sa nuna hayaƙi. Ka je da kanka, da makanikenka, ba wanda dillali ya ce "ga wani nan kusa, ƙwararre ne" ba. Ka biya shi kuɗin yininsa tun daga gida, ka kuma gaya masa ko an saya ko ba a saya ba kuɗinsa na nan, don kada ya riƙa hangen la'ada a ɗaya ɓangaren.

Ka je da safe, ka ce kada a tayar da ita sai ka zo. Kana isa ka ɗora hannu a kan inji. In da ɗumi, an riga an tashe ta, kuma akwai dalili. Inji mai sanyi ne ke faɗin gaskiya: ƙarar sarƙa ta 'yan daƙiƙun farko, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi na ƙonewar baƙin mai, ko farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa, wanda ke nuna ruwa na shiga silinda.

Kafin a murza makulli har ƙarshe, a tsaya a inda fitilun dashbod ke kamawa duka. Ka nemi fitilar cek injin, da ta birkin ABS, da ta jakar iska. Dole su kama, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, cire ƙwanta aka yi ko aka liƙe ta da baƙin salatif. Daga nan a jona mata kwamfuta. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da wurin jonawa a ƙarƙashin sitiyari. In mai sikanin ya ce babu komai amma na'urar ta nuna gwaje-gwajen injin ba su kammala ba, to yanzu-yanzu aka goge laifuffukan. Ku yi tafiyar minti ashirin, a sake jonawa.

Buɗe murfin da ake zuba baƙin mai, ka haska ciki da fitilar waya. Ƙarfe mai ruwan zuma kake son gani. In ka ga baƙin dasƙararren abu kamar kwalta, an daɗe ana cutar injin. In ƙarƙashin murfin ya yi fari-fari kamar an dama madara da shayi, ruwa ya haɗu da mai. Buɗe murfin lagireto tun injin na sanyi, ka bar shi yana aiki: kumfa mai tasowa ba ƙaƙƙautawa alamar gasket ɗin kan inji ya ƙone ce. Zaro sandar man giya ka shinshina. Ja ne ko ja mai duhu, babu laifi. Baƙi mai warin ƙauri, ka yi sallama da su.

Lambar jikin mota, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, haruffa da alƙaluma 17 ce. Na goma shi ke faɗin shekarar ƙira: 4 na nufin 2004, 9 na nufin 2009, A kuma 2010. Wannan ya tona asirin motoci da yawa da aka sauya wa fitilu da bamba aka ce sababbin ƙira ne. Ka tabbatar lambar ta yi daidai da ta jikin ƙofa da ta takardu. Da ita kuma ake binciko tarihin motar da ta fito daga Amurka a intanet, a ga ko gwanjon inshora ce bayan haɗari ko ambaliya, a ga mil nawa ta yi kafin ta hau jirgin ruwa. Lambar tafiyar da ke dashbod kada ka ba ta muhimmanci, juya ta baya ba wuya. Ka dubi sitiyari da robar fedar birki da kujerar direba, su ba a juya su.

Mai ambaliya ita ce wadda ba na so ko kyauta. Ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin kujera da na but, ka jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa. Busasshen laka, tsatsa a ƙarafan kujera, ko warin rima da aka danne da turare, duk magana ɗaya suke yi. Wayoyinta za su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya har ka tsani mai wayarin ɗinka ba laifinsa.

Leƙa ƙarƙashi ka ga ko katalis na nan, abin nan na jikin salansa da 'yan gareji ke kira indomi. Ana fasa shi a kwashe cikinsa a sayar. Sannan ka tuƙa ta da kanka, da AC a kunne, a hanya mai gargada da kuma inda za ka kai gudun 100. Giya ta shiga ba duka, ba jinkiri. Ka taka birki da ƙarfi ka ji ko tana ja gefe guda.

Takardu

Nan ba dogon bayani. Takardar kwastan ta asali, kuma ka je ofishinsu a tantance maka ita, domin a Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, 'yan Kwatano da yawa kuma takardunsu ba sa jure bincike. In ta hannu ce, mai sunan da ke kan takardar mallaka shi zai sa hannu a yarjejeniyar ciniki, da shaidu, da hoton katin shaidarsa. A biya ta banki. A sauya suna cikin makon, kada a ce sai an samu sarari. Inshorar dole ta ƙananan motoci naira 15,000 ce tun Janairun 2023, kuma a yi ta gaske, ba wadda ake bugawa a gindin bishiya ba.

Makon farko

Duk abin da mai sayarwa ya ce ya canza jiya, ka ɗauka bai canza ba. A juye baƙin mai da filtarsa, a sa sabuwar filtar iska, a duba fulogogi, a zuƙe man birki a zuba sabo, a duba birkin gaba da na baya, a gwada batir. Batir mai lafiya yana nuna kusan volt 12.6 in mota na kashe, in tana aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5, ƙasa da haka altaneta ce ba ta caji. In motar mai bel ɗin tayimin ce kuma ba takardar da ta nuna ranar da aka canza, a canza shi tare da famfon ruwa a zama ɗaya, tunda aikin kwancewar ɗaya ne.

Ka sayi ƙaramin littafi ka ajiye a aljihun dashbod. Kwanan wata, lambar tafiya, abin da aka yi, nawa aka biya, wa ya yi. Wannan littafin ya sha raba ni gardama da makanike.

Zafi

A nan zan daɗe, domin a nan na ƙone.

Wata biyu da sayen motar na kai ta wani gareji saboda AC ba ya sanyi a go-sulo. Mai garejin ya buɗe bonet, ya girgiza kai, ya ce, "Alhaji, ai wannan har yanzu da tamostat ɗinta. Na ƙasar sanyi ne, a nan cire shi ake yi. Mu haɗa maka fanka dairek, ka huta." Na ce to, ku ne masana. Aka cire, aka haɗa, aka cika lagireto da ruwan rijiya.

Na yi wata takwas ina jin daɗi, allurar zafi ko motsi ba ta yi. Sai wata ranar Afrilu, da azahar, ina hanyar Zariya, na wuce Kwanar Dangora kaɗan, AC ya fara busa iska mai ɗumi. Na duba allura, ta kusa jan layi. Maimakon in tsaya, na ce bari in lallaɓa zuwa gidan mai na gaba. Wannan lallaɓawar ta kilomita uku ita ta ci gasket, ta kuma sule ramukan notika biyu na kan inji. Da aka kwance aka tarar motar fankar ta ƙone, saboda wata takwas tana juyawa ba hutu, lagireton kuma rabinsa ya toshe da tsatsa da farin gishirin ruwan rijiya. Abin da na kashe a wannan gyaran ya fi duk abin da na kashe wa motar a shekara biyun da suka biyo baya.

Ga yadda abin yake. Tamostat ƙofa ce da ke riƙe ruwa a cikin inji har ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, a Camry wajen digiri 82, sannan ta buɗe ruwan ya zagaya lagireto. In an cire ta injin yakan daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara fetur. Mai ya ƙaru, fulogi ya yi baƙi, fetur ya riƙa wanke jikin silinda yana tsinka baƙin mai. Motocin nan ana hawansu a Dubai da Arizona da tamostat ɗinsu, zafin Sakkwato bai fi ƙarfinsu ba. In mota na zafi, akwai abin da ya lalace: lagireto ya toshe, murfinsa ya saki, famfon ruwa ya gaji, fanka ko rilenta ya mutu, ko tiyo na yoyo. Shi za a nemo.

Ruwan lagireto kuma na musamman ne, wanda ake kira kulant. Ba don sanyin ƙanƙara kawai aka yi shi ba, yana hana tsatsa kuma ba ya saurin tafasa. Na Toyota ja ne ko ruwan hoda. In ka sayi mai kauri, a gauraya shi rabi da rabi da tataccen ruwa, irin wanda ake zuba wa batir. Murfin lagireto ma kada ka raina shi, shi ke riƙe matsin da ke hana ruwan tafasa, kuma yana cikin abubuwa mafi araha a jikin mota. Ka sayi mai lamba iri ɗaya da na asali.

Kafin bazara ta shigo, wato cikin Fabrairu, ka sa a wanke fuskar lagireto da ta kwandensar AC daga ƙurar hunturu, a matsa tiyoyi a ji wanda ya yi laushi ko ya bushe. Kowace safiyar Asabar ka duba robar ajiyar ruwa. In tana raguwa, wani wuri yake tafiya. Ranar da kuma allura ta haura rabi, ka kashe AC, ka sauka gefen hanya, ka kashe inji. Kada ka buɗe murfin lagireto sai ya huce, ruwan kan yi tsalle ya sale fuska. Kuɗin janwe komai yawansa bai kai na gasket ba.

Baƙin mai da man giya

Littafin Camry ta wannan zamanin 5W-30 ya ce, kusan lita huɗu har da filta. A gareji za a ce maka tsohuwa ce, a zuba mata 20W-50 mai kauri. Mai kauri yakan rufe bakin injin da ya riga ya gaji, amma a lafiyayyen inji jinkirin isa sama yake yi da safe, lokacin da ƙarfe ya fi cin ƙarfe, kuma yana wahalar da na'urar VVT-i da ke daidaita buɗewar bawul, mai ƙananan hanyoyin mai. Ka bi abin da ke rubuce a murfin ko a littafin. Da ƙurarmu da go-sulonmu, ni a kilomita 5,000 nake juyewa, ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Ka sayi man da kanka a babban gidan mai ko wurin dilan da aka sani, ka duba hatimin galan, ka tsaya a zuba a gabanka. Jabun mai ya yi yawa, kuma galan ɗinsa ya fi na gaskiyar sheƙi. Mai shan mai kuma, ka duba sandar awo duk sati, ka ajiye lita ɗaya a but. Injin da ke shan mai zai iya shekaru yana aiki muddin ba a bar shi ya ƙafe ba.

Man giya ba a yi masa "duk ɗaya ne". Camry ta 2002 zuwa 2006 T-IV take sha, ta 2007 zuwa sama WS, Honda kuma nata na kanta, Z1 a da, yanzu DW-1. A kwance notin ƙasa a zubar da abin da ya fito, a mayar da daidai adadinsa. In giyar ta daɗe ba a taɓa ta ba, kada a wanke ta da injin matsi, a yi wannan juyen sau biyu ko uku da tazarar 'yan makonni.

Ƙura, fetur, taya, ƙafa

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu filtar iska na cika da wuri. Ka ciro ta duk wata ka kalle ta a rana, in haske ba ya ratsawa a canza. Kusa da ita akwai ƙaramin sensa mai auna iska, in ya yi datti mota takan yi nauyi ta ƙara shan mai. Feshinsa na musamman ake sa masa, ba fetur da buroshi ba.

Famfon fetur a cikin tanki yake, fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Mai yawo kullum da jar fitila yana sayen lita biyar-biyar, famfo zai saya. Ka riƙe ta a kwata zuwa sama. Man 'yan bumburutu sai dole, kuma wanda ya ga abin da gurɓataccen fetur ɗin Fabrairun 2022 ya yi wa motoci ba sai an yi masa wa'azi ba.

A gefen kowace taya akwai alƙaluma huɗu bayan rubutun DOT: 2321 na nufin mako na 23 na 2021. Taya 'yar Beljiyam mai zane raɗau amma shekararta takwas, a kwaltar bazara fashewa take yi. Iska kuma ba ta mai faci ba ce, wanda in ka ƙyale shi zai buga maka PSI 50. Adadin yana kan takardar da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba, a yawancin waɗannan motoci wajen 30 ne zuwa 32. Ka sayi gejinka.

Ƙafa ita ce abin da hanyoyinmu ke ci: bushin, tayarod, bol-joyin, shokazoba, boris. Ba sa mutuwa sai sun yi ta kuka tukuna. Ƙwas-ƙwas a gargada, ƙugi mai ƙaruwa da gudu, ƙas-ƙas in ka karya kwana. Ka kai a ɗaga ta tun kukan na ƙarami, kuma bayan kowane aikin ƙafa a yi saiti, in ba haka ba sabuwar taya za ta cinye ta gefe ɗaya.

Makanike, kayan gyara, da inda kuɗi ke tafiya

Gyaran canki-canka shi ne a ce "bari mu canza fulogi mu gani", in bai yi ba a ce kwayil, in bai yi ba a ce nozul, in bai yi ba a ce famfo. Kai ke biyan kowane "mu gani". Tambaya ɗaya ke maganinsa: "Malam, me ka gwada da ya nuna maka shi ne?" Makaniken kirki ba ya jin haushinta, zai nuna maka. In kwamfuta ta ce silinda ta biyu ce ke fashi, sai a musanya kwayil ɗinta da na ta uku, in laifin ya bi shi an kama ɓarawo, ba a sayi komai ba. Ka riƙe mutum ɗaya na inji, ɗaya na wayarin, ɗaya na AC, kada kowa ya shiga aikin wani. Ka biya kuɗin aiki da kyau ba ƙorafi, domin wanda aka matse a kuɗin hannu a kuɗin kaya yake fanshewa. Kuma a ba ka tsohon abin da aka cire.

Kaya hawa uku ne a kasuwa: sabo na asali, na Beljiyam da aka ciro daga wata motar, da sabo mai araha. Abin da ke cinyewa da aiki a saye shi sabo mai kyau: birki, bel, filta, fulogi, tamostat, famfon ruwa, tiyo, bol-joyin, taya. Abin da ƙarfe ne mai tsawon rai na Beljiyam ya fi sabo mai araha nesa ba kusa ba: inji, giya, altaneta, kik, kwamfaresar AC, fitilu, ƙofofi. In za ka sayi inji ko giya, a rubuta a rasit kwana nawa aka ba ka na gwaji, a rubuta lambar injin, ka kuma ajiye rasit ɗin tare da takardun mota.

Kuɗin riƙon tsohuwar mota hawa uku ne shi ma. Akwai na kullum, wanda ka san ranarsa: juyen mai, filta, birki, sabunta takardu. Akwai na shekara biyu zuwa uku: tayoyi, batir, ƙafa, gas da gyaran AC. Sai na bugun zuciya: gasket, giya, inji. Na farko da na biyu ba makawa, kuma littafina ya nuna in na raba su a kan watanni, duk wata suna cin kamar kuɗin rabin tankin fetur, tankin kuwa lita 70 ne. Don haka duk ƙarshen wata nake tura wannan adadin wani asusu daban da ba shi da katin ATM. Na ukun kuwa sau ɗaya ya same ni, kuma kun ji yadda aka yi.

Yaushe ake sakinta

Inji kaɗai ba ya sa a sayar da mota mai lafiyayyen jiki da giya da takardu. Saka mata na Beljiyam ya fi sayen wata tsohuwar da ba ka san halinta ba, musamman yanzu da kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo. Amma in inji da giya suka nemi kuɗi a shekara ɗaya, ko tsatsa ta ci ƙarfen ƙasa inda ƙafa ke ɗaure, ko ta yi haɗarin da ya karkatar da shasi har taya ba ta zama a saiti, ko wayarin ya zama yau lafiya gobe babu, to a sallame ta. Haka in ka buɗe littafinka ka ga wata uku a jere tana kwana a gareji fiye da ƙofar gida. In za ka sayar ka faɗi aibinta, ka miƙa wa mai saye littafin, zai ma ƙara mata daraja.

Tawa ba ta kai nan ba. A shafin ƙarshe na littafin an rubuta juyen mai saura kilomita 1,200, shokazoba na baya na hagu ya fara jiƙewa, tayoyin gaba kuma na 2022 ne, za su sauka kafin bazara.